Ranar da Python ta yi ƙaura, da kayan da suka zube a hanya

Tun yanzu in faɗa, rubutun nan yana da tsawo. Wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya ajiye shi sai dare.

Duk wanda ya tambaye ni a kan me nake rubuta kundin mastas ɗina, in na ce a kan ƙaurar rajistar matsalolin Python ne, sai ya yi ɗan jim, ya ce "Allah ya taimaka", ya canza magana. Wani ɗan ɗakinmu mai karanta aikin gona ya daɗe yana zaton a kan mesa nake bincike. To yau dai zan warware shi da Hausa, domin na lura abin ya shafe mu fiye da yadda muke tsammani, musamman masu karanta kwamfuta da duk wanda yake riƙe da wani aikin haɗin gwiwa.

Python yaren rubuta manhaja ne da wani ɗan ƙasar Holan, Guido van Rossum, ya fitar a 1991. Buɗaɗɗiyar manhaja ce, wato kowa yana iya leƙa cikinta, ya ga yadda aka gina ta, ya kawo gyara. Mafi yawan masu aikinta 'yan sa-kai ne a ƙasashe daban-daban, da yawansu ba su taɓa haɗuwa ido da ido ba. To mutanen da ba sa zama ofis ɗaya, a ina suke haɗuwa su san me ya lalace, wa yake gyarawa, me aka yanke? A rajistar matsaloli. Ka ci karo da kuskure, ka je can ka rubuta: na yi kaza, na sa ran kaza, sai ga kaza ya fito. A ba ƙorafinka lamba. Wani ya zo ya ce shi ma ya gani, wani ya ce ai ba kuskure ba ne, da gangan aka yi shi haka, wani ya kawo faci, wani ya duba facin ya ce bai yi ba. Wata matsalar a kashe ta a kwana biyu, wata ta shekara goma ana tafka muhawara a ƙarƙashinta.

Ga wani abu da sai ka riƙe shi kafin sauran labarin ya shiga. Ita manhajar kanta, duk wanda ya sauke ta ta hanyar Git ya kwashi tarihinta gaba ɗaya zuwa kwamfutarsa. Ko gobe gidan da take ajiye ya ƙone, akwai kwafi dubbai a duniya. Amma rajistar matsaloli ba haka take ba. Wuri ɗaya take zaune. Kuma ita ce take riƙe da amsar "me ya sa". Manhaja tana nuna maka abin da aka yi, rajista ce take gaya maka abin da aka ƙi yi da dalilin ƙin.

Mutanen Python sun saba ƙaura. Manhajar ta tashi daga CVS zuwa Subversion a 2005, zuwa Mercurial a 2011, sannan GitHub a watan Fabrairun 2017. Rajistar kuma ta bar SourceForge a 2007 ta koma wata manhaja mai suna Roundup, wadda ita ma da Python aka rubuta ta, suka girka ta a adireshinsu na kansu. Wannan rajistar ita ce ake yi wa laƙabi da bpo. Shekara kusan 15 ta yi tana aiki.

A watan Yunin 2018 Mariatta Wijaya, mace ta farko da ta shiga sahun manyan masu kula da Python, ta rubuta takardar shawara mai lamba PEP 581, ta ce a kwashe rajistar a kai GitHub. Hujjojinta ba na wasa ba ne. Manhajar tana can tun bara, rajistar tana nan, sabon shiga sai ya buɗe asusu biyu kafin ya iya taimakawa da ko harafi ɗaya. Roundup ɗin da suke amfani da ita mutane ƙalilan ne suke kula da ita a lokacin da suka samu sarari. In ka yi kuskuren rubutu a saƙonka ba ka da yadda za ka gyara. Matasa kuma duk GitHub suka sani. A wannan watan dai na Yuni Microsoft ta sanar za ta sayi GitHub a kan dala biliyan 7.5, sai muhawarar ta ƙara zafi. Wata guda bayan nan Guido ya sauka daga shugabanci, aka daɗe ana neman tsarin da zai maye gurbinsa, har aka kafa kwamitin mutum biyar. Shi ne ya amince da shawarar a watan Mayun 2019.

Abin da ya fi burge ni a labarin nan shi ne wannan. Ezio Melotti, ɗaya daga cikin masu kula da tsohuwar rajistar, shi da Berker Peksag sun rubuta tasu takardar, PEP 595, suna cewa a zauna a gyara ta gida maimakon a tashi. Ba su yi nasara ba. Da aka zo neman wanda zai jagoranci ƙaurar, Ezio ɗin ne aka damƙa wa aikin. Mutumin da ya ce kar a tashi shi ya ɗaure kayan. Kuma ni a ganina shi ya sa ba a yi asara mai yawa ba, domin wanda yake son tsohon gida shi ya san inda kowace allura take. A ƙungiyoyinmu na ɗalibai kun san yadda ake yi: wanda ya faɗi zaɓe ko aka ƙi shawararsa, fita yake daga guruf, ya tafi da littafin miniti.

An ɗaga ranar tashin, daga ƙarshe aka kammala a watan Afrilun 2022. Ku lissafa: kusan shekara huɗu daga shawara zuwa aiwatarwa. Aka kulle tsohuwar rajista, ana iya karantawa amma ba a iya ƙara komai.

Yanzu ga inda aikina yake, wato me ya isa lafiya, me ya zube.

Na farko lamba. Wannan ya fi kowanne cin raina lokacin da na fara tattara bayanai. A GitHub, ƙorafi da buƙatar haɗe faci layi ɗaya suke bi wajen karɓar lamba. Tun 2017 ake aiko wa Python faci a can, kafin ranar ƙaura sun haura 30,000, sun cinye lambobin farko. Saboda haka babu yadda ƙorafi mai lamba kaza a bpo zai riƙe lambarsa. Kowanne sai da aka ba shi sabuwa. Ka ce to mene ne a ciki? Ai lambar nan ba a rajista kaɗai take ba. Tana cikin bayanan gyare-gyare na shekara da shekaru, tana cikin takardun sanar da sabon fitowa, tana cikin sharhin da aka rubuta a jikin manhajar, tana cikin amsoshin da mutane suka ba juna a Stack Overflow, har da kundayen digiri. Wanda ya rubuta lamba a 2013 ya tafi abinsa, ba zai dawo ya gyara ba. Mafi muni ma, GitHub in ta ga alamar lamba a bayanin gyara, da kanta take mayar da shi mahaɗi. Sai ka latsa lambar da aka rubuta a 2013 ta kai ka wani faci na shekarun baya-bayan nan da ba su haɗa komai ba. Maganin da aka yi shi ne tsofaffi a kira su bpo da lambarsu, sababbi gh da lambarsu, aka kuma bar wata hanya a tsohon adireshin da za ta tura ka sabon wurin in ka ba ta tsohuwar lamba.

Kwatanta da 2007. Da suka baro SourceForge, ƙorafe-ƙorafen can sun taho da lambobinsu masu tsawo yadda suke, sababbi kuma aka fara ƙirga su daga 1000. Sun iya yin haka ne don gidan nasu ne. A gidan haya kuwa, lambar da mai gida ya rubuta a ƙofa ita ce lambar ɗakinka.

Na biyu gurabe. A Roundup kowane ƙorafi yana da fom: wane irin kuskure ne, wane sashe ya shafa, yana wane mataki, ana neman faci ne ko ana duba faci, sannan in an rufe, me ya sa aka rufe. An gyara ne? Maimaici ne? Ba kuskure ba ne? Ba za a gyara ba? Laifin wata manhaja ce daban? GitHub a lokacin abu biyu ta sani, a buɗe ko a rufe, sai tambari da za ka manna. Sun yi dabara, duk tsohon ƙorafi suka zuba bayanan fom ɗinsa a saƙon farko, a naɗe, sai ka latsa ya buɗe. Bai ɓata ba, amma ya tashi daga gurbin da ake iya tacewa ya zama rubutu zalla. Ni da nake son in ware waɗanda aka ce ba za a gyara ba, sai da na rubuta wata 'yar manhaja da ke karanta saƙon farko na kowanne tana tsinto kalmar. Sababbin da aka buɗe bayan ƙaura kuwa ba su da wannan gurbi. Malamin da ke duba aikina da ya ga jadawalina ya rabu biyu, kafin Afrilun 2022 da bayansa, tambaya ɗaya ya yi mini: ta yaya za ka kwatanta abin da aka auna da mudu da abin da aka auna da tiya? Babi na uku gaba ɗaya amsar tambayar nan ce, kuma har yanzu muna kai.

Fayilolin da mutane suka liƙa, wato tsofaffin faci da misalan gwaji, ba su bi ayari ba. Suna nan a tsohon gida, mahaɗi kawai aka sa. Ke nan an tashi, amma dole a ci gaba da biyan kuɗin wutar tsohon gida.

Na uku, kuma shi ne ya taɓa ni, mutane. A tsohuwar rajista kowane ƙorafi yana da jerin waɗanda za a aika wa saƙo duk lokacin da aka ce uffan. Sunan da suka ba jerin in ka fassara shi 'yan sa-ido ne, wallahi ba ƙari na yi ba. Ka kai ƙorafi a 2011, wani ya amsa a 2019, saƙo zai same ka a imel. Da aka zo ƙaura sai tambaya ta taso: maganar da mutum ya yi shekara goma da suka wuce a wani wuri, za a manna ta a asusunsa na GitHub ba tare da an tambaye shi ba? Wasu ma ba su da asusun, wasu sun bar harkar, wasu sun rasu. Sai aka yanke cewa manyan masu kula da aikin za a haɗa maganganunsu da asusunsu, sauran jama'a kuma a tsayar musu da mutum-mutumi: suna yana nan, magana tana nan, kwanan wata yana nan, amma babu kowa a bayansa. Ni na yarda da wannan hukunci, mutunta mutane ne. Sai dai in kana karanta tsofaffin ƙorafe-ƙorafen nan da dare kamar yadda nake yi, za ka ga wani ya zo bayan ƙaura yana tambayar mai ƙorafin, har yanzu kana ganin matsalar nan? Shiru. Wanda bai taɓa haɗa asusunsa ba, tambayar ba za ta kai gare shi ba. Bayan wani lokaci a rufe, a ce ba a samu amsa ba.

Kar wani ya ɗauka ina cewa sun yi kuskure da suka tashi. Ba su kaɗai ba ne ma. Spring ta bar Jira ta koma GitHub a 2019, LLVM ta bar Bugzilla a ƙarshen 2021, Swift da Lucene suka bi a 2022. Inda mutane suke nan kasuwa take ci. Amma masu adawa ma ba surutu kawai suke ba. Google Code ta rufe a 2016. Bitbucket ta share ma'ajiyoyin Mercurial a 2020. A 2019 GitHub ta taƙaita asusun mutanen Iran da Siriya da Kirimiya saboda takunkumin Amurka, duk da ba a hana su ganin ayyukan da ke buɗe ba, kuma sai a Janairun 2021 ta samo lasisin mayar wa mutanen Iran cikakkiyar dama. Mu nan ba sai an ba mu labari ba. Daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022 Twitter a rufe take a Najeriya, kuma 'yan Zamfara da wasu sassan Katsina da Sakkwato sun san yadda aka yi da layukan waya a ƙarshen 2021. Abin da kake ganin naka ne a intanet, sa hannun wani da ba ka sani ba yana iya raba ka da shi kafin asuba.

To me ya kai ni wannan bincike tun farko? Namu ɗan ƙaramin aikin ne.

Lokacin da Python take ƙaura, mu muna gida, yajin aikin ASUU na 2022 da ya fara 14 ga Fabrairu ya kai 14 ga Oktoba. Zaman ya ishe mu, sai mu shida muka fara wata 'yar manhaja da ke mayar wa rubutun Hausa ƙugiyoyinsa. Ka zuba mata rubutun da aka yi da allon waya na Turanci, ta mayar da daki ɗaki, karfe ƙarfe, barawo ɓarawo. Mun sa ta a buɗe tun ranar farko. Rajistarmu kuwa guruf ɗin WhatsApp ce. Nan ake kawo ƙorafi, nan ake gardama, nan ake yanke hukunci, nan kuma ake tura gayyatar ɗaurin aure da hoton Juma'a.

Masu kawo mana ƙorafi mafi amfani ba 'yan kwamfuta ba ne. Malaman makaranta ne masu buga jarrabawa, da wani mai shagon buga takardu, da wata malamar firamare da ta girme mu duka, wadda ba ta taɓa rubuta ƙorafi ba sai dai ta yi saƙon murya. Ita ce ta kama babban kuskurenmu na farko. Manhajar ta ga "an kafa makarantar" ta mayar da shi "an ƙafa makarantar". Malama ta turo murya tana dariya, ta ce, "Ƙannena, wannan abin naku ya ba makaranta ƙafa, sai ku zo ku saya mata takalmi." Daga nan muka kwana uku muna gardama a kan kalmomin da suke da fuska biyu: kafa da ƙafa, kasa da ƙasa, baki da baƙi, kara da ƙara. Muka tsaya a kan cewa duk inda kalma take iya zama biyu, manhajar kar ta taɓa, ta ja mata layi kawai mai rubutu ya zaɓa. Gara ta bar aiki da ta ɓata ma'ana a takardar jarrabawar yara. Haka muka yi doguwar magana da wani ɗan uwa daga Maraɗi a kan 'y da muke rubutawa a Najeriya da ƴ da suke rubutawa a Nijar, muka ce a bar wa mai amfani ya zaɓi tsarin ƙasarsa.

Bayan an koma makaranta kowa ya kama gabansa. Wani ya tafi bautar ƙasa, ni na gangaro nan. Wanda ya buɗe guruf ɗin aka sace wayarsa a tasha. Biyu suka canza waya ba su adana hira ba. Sai bara wani yaro mai ƙwazo ɗan aji uku ya shigo, ya duba manhajar, ya ce ai wannan ragwanci ne, me ya sa ba za ta zaɓi kalmar da ta fi yawa ta wuce ba? Ya rubuta faci, mai kyau kuwa. Muka ce masa an taɓa tattauna wannan. Ya ce a ina? Gaskiyarsa. Sabon shiga guruf ba ya ganin abin da aka faɗa kafin zuwansa. Muka sake kwana uku a kan maganar da aka gama tun 2022, kuma wannan karon da ɗaci, domin shi gani yake manya ne kawai suke danne shi. Saura kaɗan ya tafi. Da aka bincika, cikakken tarihin guruf ɗin a waya ɗaya tak ya rage, wata tsohuwar Tecno mai fasasshen gilashi da ba ta riƙe caji.

Nan muka ce dole a tashi. Kuma gardamar da muka yi, in ka cire sunaye, ita ce ta PEP 581 da PEP 595. Ɗaya daga cikinmu ya dage mu girka tamu rajistar a sabar da muka kama haya, kar mu miƙa wuya ga kamfanin Amurka. Na fahimce shi sarai, na ma fi shi sanin hujjojinsa. Amma na tambaye shi, hayar da dala ake biya, daga aljihun wa? Mu da kuɗin makaranta da na hostal suke neman kayar da mu? In ka gama ka samu aiki ka yi aure, wa zai riƙa sabunta ta? Python da take da gidauniya da ma'aikata ta gaji da riƙon tata, balle mu shida da ko janareto ba mu da shi. Muka tafi GitHub, shi kuma muka ba shi aikin kwashe kayan. Wannan kai tsaye daga labarin Ezio na ɗauko.

Wata biyu muna yi. Fitar da hirar daga wayar bai ɗauki minti goma ba. Aikin shi ne zama a karanta, a raba ƙorafi da barkwanci, a gane cewa "abin nan na jiya" da wani ya rubuta yana nufin matsalar da aka kawo kwana huɗu baya. Saƙonnin murya kuwa sai an saurara ɗaya bayan ɗaya an rubuta. Na yi yawancin nawa a masallacin makaranta bayan isha'i, don nan ne ake samun wuta da shiru a lokaci ɗaya. Kowane ƙorafi muka sa masa ranar da aka fara kawo shi a guruf, don tarihin kar ya nuna kamar duk rana ɗaya aka haife su. Muka yi tambari na musamman mai cewa "ba za a gyara ba, ga dalili", kuma ba a rufe komai da shi sai an rubuta dalilin da Hausar da kowa zai gane. Ƙorafi na farko da ya samu tambarin nan shi ne na kafa da ƙafa. Sunaye kuma ba mu sa na kowa ba sai da muka tambaye shi, domin abin da mutum ya faɗa a guruf na mutum talatin bai ce a baza shi duniya ta gani ba. Mutum huɗu suka ce a sakaya su, muka rubuta "wani malami", "wata malama". Sannan duk ƙarshen wata akwai 'yar manhajar da ke kwafe rajistar gaba ɗaya ta ajiye a cikin ma'ajiyar aikin, yadda duk wanda ya sauke manhajar ya sauke da tarihin gardamarta.

Ta ɓangaren masu rubuta manhaja abin ya yi kyau. Yaron nan ɗan aji uku ya karanta tsohuwar muhawarar daga farko har ƙarshe, ya dawo da wata shawara da ta fi ta farko: a duba kalmar da ke gaba da ta baya kafin a ja layi, don a rage yawan tambayar mai rubutu. Yanzu shi yake riƙe da wannan sashen. Wasu ɗalibai biyu da ba mu taɓa sani ba sun turo faci.

Amma malamai sun yi tsit. Wata guda cur ba ƙorafi ko ɗaya daga wajensu, alhali lokacin buga jarrabawa ne, lokacin da a da wayata ba ta hutawa. Na kira Malama na gaishe ta, na ce ko manhajar ta daina kuskure ne? Ta ce, "Ina fa! Kuskure yana nan. Ni dai sabon gidan nan naku ban san ƙofarsa ba. An ce in buɗe asusu, an ce in kawo imel, an turo wata lamba, komai da Turanci. Na ce Allah ya ba yaran nan sa'a." Ta tara kurakurai tara a bayan littafin darasinta, ta karanto mini su a waya. Uku daga ciki babu wanda ya taɓa lura da su a cikinmu.

Wato mu ma mun yi namu mutum-mutumin. Sunanta yana rajista, maganarta tana nan da kwanan wata, ita kuma tana waje.

Abin da muke gwadawa yanzu shi ne guruf ɗin ya ci gaba da zama ƙofar shiga, rajista ta zama ɗakin ajiya. Kowane mako mutum ɗaya ne magatakarda: duk abin da aka kawo a guruf, rubutu ne ko murya, shi zai shigar da shi rajista, ya dawo ya ce an ba ƙorafinki lamba kaza, in an gyara kuma ya dawo ya sanar. Aiki ne mai cin rai, babu wanda yake sa shi a takardar neman aiki, kuma makon jarrabawa yakan kwana biyar ba a shigar da komai ba. Wanda ya so mu girka tamu rajistar ya ce da mun bi tasa da mun fassara fuskarta zuwa Hausa, mun cire maganar buɗe asusu. A nan kam ban da amsar da zan ba shi sai maganar dala, kuma har yanzu in muka haɗu a waya sai mun taɓa ta.

Saboda haka ga roƙona. Muna neman mutum biyu ko uku da za su shiga layin magatakarda, ba sai ka iya rubuta manhaja ba, in dai kana jin Hausa da kyau kuma za ka iya ba da awa biyu a mako. 'Yan sashen Hausa da na harsuna, ku muka fi so, domin rabin ƙorafe-ƙorafen nan na nahawu ne. Akwai kuma saƙonnin murya 41 na watan Yuli da Agustan 2022 da suka ƙi buɗewa daga tsohuwar wayar. Duk wanda yake guruf ɗin a wancan lokacin kuma bai canza waya ba, don Allah kar ya goge komai, ya yi mini magana ta inbos kafin ƙarshen watan nan.